Filin Tambayoyinku: Malami, Yaro da Wuƙa a Cikin Aji

Wasiƙun wannan watan kusan duk kan abu guda suka zo. Wani guntun tsohon fim marar kala yana yawo a wayoyin jama'a a nan Ghana, daga unguwar Nima ta Ankara, babban birninmu, har Kumasi, inda wani saurayi ya zare wa malaminsa wuƙa a gaban 'yan aji. Na tsamo biyar daga cikin wasiƙun, na rage musu tsawo saboda fili.

TAMBAYA: Tica, barka da aiki. Ni malami ne a wata makarantar JHS, wato ƙaramar sakandare, a Mamobi, wannan ce shekarata ta biyu. An turo mini guntun fim ɗin nan a WhatsApp, na kalla gabana yana faɗuwa, domin akwai yara biyu a ajina da nake ganin za su iya aikata haka. Wane fim ne? Ya cancanci in nema in kalla? Gaskiya ma dai na fara tunanin barin aikin.
*Ƙaramin malami, Mamobi*

AMSA: Ɗana, Allah ya dafa maka. Bari in fara da mai sauƙin. Sunan fim ɗin Blackboard Jungle. Kamfanin MGM na Amurka ne ya fitar da shi a watan Maris na 1955, Richard Brooks ya tsara labarin ya kuma ba da umarni. Daga littafi aka ɗauko shi, littafin Evan Hunter mai wannan suna da ya fito a 1954. Shi Hunter ya taɓa koyarwa a wata makarantar koyon sana'a a unguwar Bronx ta New York, bai ko cika wata guda ba ya ajiye alli ya kama gabansa, daga baya ya juye abin da ya gani a takarda. Bronx ɗin nan dai da ka sani, inda 'yan'uwanmu na zango suke da yawa yau, suna aiko mana da kuɗin azumi da na layya.

Glenn Ford ne ya fito a matsayin malamin, Richard Dadier, tsohon sojan ruwa da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, matarsa da ciki, aljihunsa ba nauyi, ya samu aikin koyar da Turanci a makarantar sana'a ta maza zalla. Ranar farko ya juya baya yana rubuta sunansa a allo, sai ƙwallo ta taso daga bayan aji ta doki allon kusa da kansa. Ya ƙwaci wata malama daga hannun ɗalibin da ya rutsa ta a ɗakin karatu, ba a daɗe ba yaran suka tare shi da dare a lungu, shi da abokin aikinsa, suka yi musu lilis. Sannan aka fara aika wa matarsa wasiƙu marasa suna ana cewa yana neman wata, har damuwa ta sa ta haihu kafin lokaci.

Ka nema ka kalla, bai kai awa biyu ba. Amma kada wuƙar ta ɗauke maka hankali. Ka sa ido kan sauran malaman da ke ofis tare da Dadier. Akwai Murdock, tsohon hannu, wanda ya daɗe da yanke ƙauna. Yana gaya wa sabbin malamai cewa makarantar kwandon shara ce, aikinsu kawai su danne murfin har a tashi. Kullum yana zuwa aiki, kullum yana karɓar albashi, amma koyarwa ya bar ta tun tuni. Akwai kuma Edwards, malamin lissafi mai taushin zuciya, wanda ya kwaso faifan garmaho na kiɗan jaz da ya yi shekara da shekaru yana tarawa ya kawo makaranta, yana zaton yaran za su so abin da yake so. Suka yi ta wurgi da su har suka farfashe, shi kuma ya ajiye aiki. Na zauna da irin mutanen nan biyu a ofishin malamai a Nima da Kotobabi. Na biyun ya fi ba ni tausayi, amma na farkon ya fi ɓarna, domin kowane sabon malami da ya shigo, shi ke fara zaunar da shi ya kashe masa gwiwa. In akwai irinsa a makarantarku, ka gaishe shi da ladabi, ka ci abincin ranarka a wani wuri.

Abin da ya sa nake ƙaunar fim ɗin shi ne yadda Dadier ya kasa gane yaransa da farko. A ajinsa akwai samari biyu da sauran ke sauraro. Ɗaya Gregory Miller, baƙar fata, dogo, mai kaifin kai, mai tsiwa, in ya yi magana aji ya yi tsit. Ɗayan Artie West, farar fata, kullum a kishingiɗe yana murmushin raini. Dadier ya ɗauka Miller ne uban tafiya, duk abin da ya faru shi yake zargi. Ranar da aka kai ƙararsa wajen shugaban makaranta cewa yana zagin yara da launin fatarsu, Miller ya tare a matakala cikin fushi, har bakinsa ya kusa furta irin kalmar da ake zarginsa da ita, sai ya kama kansa ya ba yaron haƙuri. Ashe West ne ya kai ƙarar. West ne ya shirya dukan lungu, shi ne kuma ke rubuta wa matar wasiƙu. Miller kuwa in an tashi garejin mota yake wucewa aiki, in ya samu sarari shi da abokansa su hau rera waƙoƙin ibada na baƙaƙen Amurka a ɗakin taro. Yana da niyyar barin makaranta da zarar shekarunsa sun kai, don bai ga abin da takarda za ta yi wa baƙar fata a ƙasar ba. Daga ƙarshe shi da malamin suka ƙulla alkawari: kada ka bari, ni ma ba zan bari ba.

Sabon malami mai surutu yake tsoro, wannan ko'ina haka yake. A wata makaranta da na koyar a Nima akwai yaron da kullum sai an gama taron safe yake shigowa, ya kifa kai a tebur. In ya ce a yi shiru an yi, in ya miƙe rabin aji sun miƙe. Malamai sun riga sun yanke masa hukunci cewa shi ne shugaban marasa ji. Wata asuba na shiga turoturo zan je Circle, sai ga shi a bakin ƙofa yana kiran fasinja yana karɓar kuɗi. Tun kafin kiran sallah yake tashi, shi ke kawo kuɗin koko da ƙosai na ƙannensa. Na yi magana da direban, mutumin kirki, ya yarda ya riƙa sauke shi da wuri. Na ba yaron makullin aji na ce shi zai riƙa buɗewa. Wanda zai buɗe ƙofa ba ya makara. Yau yana da shagon gyaran mota a Kokompe, da yara a ƙarƙashinsa. Wanda kuwa ke sa ƙanana su sato masa kuɗi daga gida wani shiru-shiru ne da ke zama a layin tsakiya, rigarsa a goge kullum, bai taɓa mayar wa malami magana ba. To ka koma ka dubi yaranka biyun nan da kyau. Ka san inda kowannensu yake kwana? Ka san wa yake ba shi abincin safe? Ka taɓa ganinsa ranar Asabar? Mai yiwuwa ɗayansu shi ne zai riƙe maka ajin.

Yanzu wuƙar. A fim ɗin Dadier ya tunkari West da hannunsa yana jini, ya yi ta matsa shi har bango, sauran yara suka juya wa West baya, wani ya ɗauki sandar tuta ya tokare abokin West da ya nemi gudu da wuƙar. Ya yi kyau a majigi, amma kada ka gwada. In yaro ya zare makami a ajinka, ka ja baya, ka rage murya, ka bar masa hanyar fita, ka tura wani ya kira shugaban makaranta. Sauran yaran da ke ɗakin amana ce a hannunka. Kuma tun kafin a kai ga haka, kada ka ƙure saurayi a gaban abokansa. Yaron zango zai haɗiye faɗa komai zafinsa in ku biyu ne a bayan aji, amma in ka tozarta shi a gaban 'yan mata, ba shi da mafita sai ya nuna shi ma namiji ne. Hukumar ilimi ta hana bulala, malamai da yawa suna ƙorafi an karɓe musu makami. Ni na ga zamanin bulala, na kuma ga yaran da aka fi zane wa, ba su ne suka fi shiryuwa ba.

Batun barin aiki, ba zan ce maka albashin ya isa ba, ni ma na ci shi na san iyakarsa. Roƙona ka ƙarasa wannan shekarar karatu. Ka samu malami ɗaya, ɗaya tak, wanda bai mutu a zuci ba, ku riƙa shawara. Ka je gidan yaran nan biyu bayan la'asar, ba da ƙara ba, da gaisuwa. In shekara ta ƙare ka ga har yanzu zuciyarka ba ta wurin, ka tafi da mutuncinka, ya fi ka zauna ka zama Murdock.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Tica. Wani ya ce mana a majalisa wai an haramta fim ɗin nan a wurare da dama saboda matasa sun yi ta fasa gidajen silima. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri?
*Mai gyaran babur, Aboabo, Kumasi*

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gaskiya a ciki. Fim ɗin yana buɗewa ne da waƙar Rock Around the Clock ta Bill Haley da ƙungiyarsa. An yi waƙar tun 1954 ba ta yi wani tashe ba, sai da aka ɗora ta a kan wannan fim ta hau saman jerin waƙoƙin Amurka a tsakiyar 1955 ta yi mako takwas a can. Matasa ba su saba jin irin wannan kiɗa da ƙarar lasifikar silima ba, sai su miƙe su hau rawa tsakanin kujeru, a wasu wuraren, har da Ingila, aka yi ta yayyaga kujeru ana faɗa da masu gadi.

Garin Memphis ya hana nuna shi. A Ingila hukumar tace fina-finai ta ƙi ba shi izini sai da aka yanke wasu wurare. A bikin fina-finai na Venice na 1955 kuwa, jakadiyar Amurka a Italiya, Clare Boothe Luce, ta ce ba za ta halarta ba muddin za a nuna shi, aka janye shi. Lokacin Yaƙin Cacar Baka ne, Amurka ba ta son duniya ta ga makarantunta a wannan hali. Shi ya sa ma aka sa rubutu a farkon fim ɗin ana yabon makarantun ƙasar kafin a shiga labari.

Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa a majalisa ba. A watan Mayu na 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin haramta raba makarantun gwamnati tsakanin baƙaƙe da farare. Ba a cika shekara ba sai ga fim yana nuna baƙi da fari a aji ɗaya, kuma baƙin ne mai hankali, farin ne ɗan daba. A kudancin Amurka na wancan lokaci wannan kaɗai ya isa ya tayar wa masu iko da hankali. Duk da haka fim ɗin ya yi kasuwa sosai, ya shiga takarar lambar Oscar a fanni huɗu ko da yake bai ci ko ɗaya ba, a 2016 kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa shi cikin fina-finan da ƙasar ke adanawa don tarihi.

TAMBAYA: Baba Tica, baƙin yaron nan da ya tsaya wa malamin, fuskarsa kamar na santa. Wane ne? Kuma ai bai yi kama da ɗan makaranta ba.
*Ɗaliba, Madina*

AMSA: 'Yata, idonki bai yaudare ki ba. Sidney Poitier ne, an haife shi a 1927, wato yana da shekara 28 lokacin da fim ɗin ya fito. Shi ne baƙar fata na farko da ya ci Oscar ta gwarzon ɗan wasa namiji, a 1964. A 1967 ya dawo aji a wani fim, To Sir, with Love, wannan karon shi ne malamin da ke fama da yara marasa ji a gabashin Landan. Ya rasu a watan Janairu na 2022 yana da shekara 94.

Tarihinsa ya fi fim ɗin taɓa ni. Iyayensa manoman tumatir ne a tsibirin Cat na ƙasar Bahamas. Karatunsa bai yi nisa ba. Yana ɗan shekara 15 ubansa ya ga ya fara bin abokan da za su kai shi ga hannun hukuma, sai ya tura shi wajen wansa a Miami. Daga can ya wuce New York ya kama wankin kwanuka a gidajen abinci. Da ya je gwajin wasan kwaikwayo na farko korar shi aka yi, don ko karanta takardar bai iya yi da kyau ba. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin wani dattijo Bayahude mai raba abinci a inda yake aiki, wanda ya ga yana fama da jarida, sai ya riƙa zama da shi kowane dare bayan an rufe yana koya masa karatu. Mutumin ba malami ba ne, ba danginsa ba ne, ba wanda ya biya shi ko kwabo. In kin kalli yadda Miller yake duban Dadier da farko, duban wanda bai yarda wani babba zai tsaya masa ba, ki tuna mai wasan ya san wannan hali daga cikinsa.

TAMBAYA: Malam, mu a Ghana ba a taɓa yin irin wannan fim ba ne a da?
*Tsohon mai karatu, Newtown*

AMSA: An yi, Alhaji, mun ma riga su da shekara uku. A 1952 sashen fina-finai na gwamnatin Gold Coast, wato Ghana kafin 'yancin kai, ya fitar da The Boy Kumasenu, Sean Graham ya ba da umarni, shi ma marar kala ne, sai dai ba daga littafi aka ɗauko shi ba. Labarin yaro ne daga ƙauyen masunta da ya taho Ankara neman rayuwa, ya faɗa hannun 'yan sanda, wani likita da matarsa suka ɗauke shi suka riƙe, miyagun abokai kuma suna jan sa ta baya. Dakta Oku Ampofo, likita kuma masassaƙi, shi ya fito a likitan. Guy Warren, makaɗin da daga baya ya koma Kofi Ghanaba, yana ciki.

Fim ne na zamanin mulkin mallaka, muryar Bature ce ke ba da labarin daga sama, kuma ana jin yadda take ganin birni ya fi ƙarfin ɗan Afirka sai an riƙe masa hannu. Wannan yana ɓata mini rai duk sanda na kalla. Amma Ankarar da ke cikinsa ta gaske ce, da titunanta da motocinta da shigar mutanenta, kuma ya yi abin da na Amurkan bai yi ba: ya nuna inda yaron ya fito. Mu da muka tashi muna leƙen silimar Dunia a Nima, in an samu kuɗi a gangara Orion ko Rex, fina-finan Indiya da na kaboyi da na 'yan Sin muka fi sha. Irin wannan namu ba ya zuwa gabanmu. Yanzu gidajen silimar da yawa sun zama coci ko sun rufe, jikokinmu a waya suke kallo, guntu-guntu.

TAMBAYA: Tica, ni uwa ce a Sabon Zango. Ɗana shekararsa 15, yana ajin ƙarshe na JHS. Ubansa yana Italiya shekara shida ke nan, yana aiko da kuɗi in ya samu. Yaron ya fara kai dare a bes, wato dandalin da samari ke zama, ya daina zuwa makarantar Islamiyya, kuma na ga guntun fim ɗin nan a wayarsa yana ta maimaitawa. Ina tsoron ya koyi abin. In ƙwace wayar ne?
*Uwar yara, Sabon Zango*

AMSA: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Wasiƙarki ce ta fi tsaya mini a rai, shi ya sa na ajiye ta ƙarshe.

Kada ki ƙwace wayar. In kin ƙwace, a ta abokinsa zai kalla, kuma kin rasa abin da za ki riƙa kiransa da shi in dare ya yi. Guntun da ke yawo ya fi cikakken fim ɗin haɗari, kamar a ba yaro shito, wato miyar yaji, zalla ne ba wakye. Yana tsayawa daidai inda West ya zare wuƙa, aji ya ja baya, shi ne sarki. Minti kaɗan bayan wannan kuwa, a cikakken fim ɗin, za ki gan shi yana ja da baya yana kiran yaransa su taya shi, kusan duk suka ƙi motsi, wuƙar ta faɗi, aka tasa ƙeyarsa zuwa ofis. Yaron da ya ga farkon bai ga ƙarshen ba, an cuce shi. Ki samu kawunsa ko baffansa, namiji babba da yake jin nauyinsa, su zauna su kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe. Kada a yi masa wa'azi bayan an gama. A tambaye shi kawai, cikin Miller da West wa ya fi kama da abokansa.

Akwai wuri a fim ɗin da ya shafe ki kai tsaye. Wani ɗan sanda yana yi wa Dadier bayanin yaran, ya ce lokacin yaƙi suna ƙanana, uba yana fagen fama, uwa tana masana'antar kayan yaƙi, gida ba kowa, sai shugabannin daba suka maye gurbin iyaye. Mu ba yaƙi ya kwashe mana iyaye maza ba, neman abinci ne. Libiya, Italiya, Jamus, Amurka. Ba na zargin kowa, na san abin da ya fitar da su. Amma yaro ɗan shekara tara da ubansa ya tafi, yanzu ya kai 15, duk shekarun da ya fi buƙatar namiji ya ce masa zo nan, zauna, a bes ya samu mai ce masa haka. Shi kansa West, da malamin ya yi masa maganar gobe, cewa ya yi nan da shekara guda za a kwashe shi aikin soja a kai shi inda za a fasa masa kai, gara ma ya shiga kurkuku sojoji su ƙi shi. Yaro ne da bai ga wata gobe a gabansa ba. Namu ba soja suke jira ba, biza suke jira, ko hanyar sahara, kuma wanda ya sa a ransa cewa rayuwarsa sai ya fita za ta fara, me zai yi da BECE, jarrabawar kammala JHS?

A nan ne nake da ƙorafi babba kan fim ɗin. Bai taɓa shiga gidan West ba. Ba mu ga uwarsa ba, ba mu ga inda yake kwana ba. Daga ƙofar aji aka kalle shi, aka yanke cewa shi ruɓaɓɓe ne, aka fitar da shi, aka saki kiɗa. Mai yin fim yana iya yin haka. Mu a zango ba za mu iya ba, domin yaron da aka kora daga makaranta ba ya ɓacewa, gidanmu yake dawowa, famfo ɗaya muke ɗiba, uwarsa ce ke zaune kusa da ke a wajen suna. In ya ƙare a gidan gyaran hali na Roman Ridge, mu ne dai masu kai masa abinci. Kuma ɗanki bai kai can ba, ko kusa. Kai dare da barin Islamiyya alama ce ta farko.

Ga abin da nake ba ki shawara. Ki binciki wane bes yake zama, wa ke shugabantarsa. Ba duka ne na banza ba, wasu su ke yashe kwata, su ke kafa rumfa ranar biki da ranar rasuwa, su ke haɗa kuɗi in ɗayansu ya kwanta asibiti. In shugaban mai mutunci ne, a aika masa dattijo ya ce yaron nan namu ne, ƙarfe tara ya kasance a gida. Sau da yawa maganarsa ta fi taki shiga, ki yi amfani da ita. In kuwa wurin shan tiramol ne da wiwi, za ki gani a jikin yaron: barcin rana, canjin hali, kuɗi na ɓacewa a ɗaki. Wannan ba a ɓoye shi don kunya, a kai shi ga likita tun da wuri.

Ki gaya wa ubansa kuɗi kaɗai bai wadatar ba. Ya ware rana ɗaya a mako ya kira yaron a wayarsa shi kansa, ba ta hannunki ba, kuma ba don faɗa ba. Ya tambaye shi ƙwallo, ya tambaye shi abokansa, ya gaya masa gaskiyar wahalar da yake sha a can, domin hotunan da ake turowa a gaban motocin mutane su ke ruɗar yaranmu.

Ki tsaya kai da fata ya rubuta BECE, wannan kada a yi ciniki a kansa. Tun 2017 makarantar sakandare ta gwamnati kyauta ce, har da na fasaha, kuma akwai cibiyar koyon sana'a ta ATTC a Kokomlemle in hannunsa ya fi kansa son aiki. Kafin nan, ga Abossey Okai a bakin ƙofarku, da masu kayan mota da makanikai. A nema masa maigida mai tsoron Allah da zai riƙa zuwa wajensa ranar Asabar da lokacin hutu, ya koyi riƙe sifana, ya dawo gida a gajiye da 'yan sidinsa na halal a aljihu. Kada ki tura shi shi kaɗai. Kawun nan da suka kalli fim tare, shi zai kai shi da goro a hannu, ya damƙa shi ga maigidan a gaban shaidu, ya kuma riƙa leƙawa duk ƙarshen wata ya ji yadda ake ciki.